Gani Ya Kori Ji? Nazari Kan Sahihancin Hoton Asibiti Wajen Gano Yagewar Tsokar Dubura

A shekarar 1993 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike daga Landan wanda ya hana likitocin mata barci. Abdul Sultan da abokan aikinsa sun yi wa mata masu juna biyu sikanin ta cikin dubura kafin su haihu, suka sake yi musu makonni 6 bayan sun sauka. Cikin mata 79 masu haihuwar fari da suka haihu da kansu, hoto ya nuna tsokar da ke tsuke dubura ta yage a jikin 28, wato kashi 35 cikin 100, kuma kusan dukkansu an sallame su daga ɗakin haihuwa ba tare da kowa ya lura ba. Sai dai waɗanda suka koka da cewa iska ko bayan gida na kufce musu, ko kuma yana matso su har ba sa iya jira, mata 10 ne kacal. Tsakanin 28 ɗin da na'ura ta gani da 10 ɗin da suka yi ƙorafi akwai tazara, kuma sama da shekara talatin ke nan masana suna ja-in-ja a kan abin da ke cikinta.

Kafin a shiga muhawarar, sai an san abin da ake ɗauka a hoton. Mafitar bayan gida ɗan gajeren bututu ne, tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kuma na mace ya fi na namiji gajarta. Zobba biyu na tsoka ne suka kewaye shi, ɗaya a cikin ɗaya. Zoben ciki siriri ne, kaurinsa milimita 2 zuwa 3, mutum ba ya iko da shi, shi ke rufe ƙofa dare da rana ko ana barci. Zoben waje shi ne wanda mutum ke matsewa da gangan idan larura ta taso yana cikin mota ko yana sahun salla. A samansu akwai wata tsoka mai kama da majajjawa, ta zagayo ta baya tana jan bututun gaba. Likitoci sun daɗe da lura cewa idan zoben ciki ya lalace mutum yakan tarar ya ɓata wando bai sani ba, idan kuwa na waje ne yakan ji abin na zuwa amma ya kasa riƙewa har ya kai bayi. Haihuwa ce babbar mai yaga su, musamman ta fari da wadda aka jawo jariri da ƙarfe: a binciken nan na 1993, mata 8 cikin 10 da aka sa musu ƙarfe sun sami yagewa, alhali ba a ga sabon rauni a jikin ko ɗaya daga cikin 23 da aka yi musu tiyata aka ciro ba. Bayan haihuwa sai aikin basir da na tsagewar dubura da na ƙurjin da ya huda hanya, waɗanda ke shafar maza da mata.

Sikanin ta cikin dubura, kamar yadda ake yin ta yau, ta samo asali ne daga asibitin St Mark's na Landan, inda Law da Clive Bartram suka bayyana hanyar a 1989. Mara lafiya yakan kwanta ta gefen hagu, ya naɗe gwiwoyinsa. Ana shafa wa wani ɗan sanda mai kaurin babban yatsa man santsi, a zura shi a hankali, a riƙa janyo shi waje kaɗan-kaɗan, wani ɗan ƙarfe a cikinsa yana juyawa yana aika amo ta kowace kusurwa. Abin da ke fitowa a allo ya yi kama da albasar da aka yanka a tsakiya. Zoben ciki yakan fito baƙi wuluk, zagaye tsaf, ko ɗalibi na iya nuna shi da yatsa. Zoben waje kuwa fari-fari ne mai ɗigo-ɗigo, gefensa na waje yana sajewa da kitsen da ke kewaye da shi, don haka ba kullum ake sanin inda ya ƙare ba. Ana karanta hoton kamar agogo: ƙarfe 12 gaba ne wajen farji, ƙarfe 6 baya. Raunin haihuwa kusan kullum tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 yake, kuma da yake awa ɗaya a agogo digiri 30 ce, da haka ake auna faɗin giɓin. Duk aikin minti biyar zuwa goma ne, babu allurar barci.

To, shin abin da na'urar ta gani haka yake a jiki? Amsar farko da aka bayar tana da daɗin ji. A 1994 Sultan ya bi marasa lafiya 12 da za a yi musu ɗinkin tsoka, ya gwada hasashen kowace hanya da abin da aka tarar a tiyata da kuma naman da aka duba a madubin likita. Sikanin ta yi daidai a dukkansu, awon ƙarfin matsi da awon lantarkin tsoka kowanne ya tsaya a kashi 75, duba da yatsa kuwa kashi 50. Wannan adadi na 100 bisa 100 ya yi ta yawo a littattafai har yau. Amma mutum 12 ne, dukkansu an riga an zaɓe su domin ana kyautata zaton tsokarsu ta yage, kuma ƙwararrun da suka ƙirƙiro hanyar su ne suka karanta hoton. Wanda aka ba shi kwandon mangwaro wanda mafi yawansa ruɓaɓɓe ne, aka ce ya nuna ruɓaɓɓe, ba a gwada idonsa ba tukuna.

Wannan matsala ba ta binciken 1994 kaɗai ba ce, ta fannin ce baki ɗaya. Mudun da ake auna hoto da shi tiyata ce, tiyata kuwa ba a yi wa wanda hoto ya ce lafiyarsa ƙalau. Saboda haka ana iya ƙirga sau nawa hoto ya ce akwai yagewa kuma aka tarar da ita, amma da wuya a ƙirga sau nawa ya ce babu alhali akwai. Shi ma likitan fiɗa ba ya shiga ɗakin tiyata da farar zuciya: ya riga ya ga rahoton sikanin, ya san inda zai nema, kuma a cikin tabon shekara goma raba tsoka da tabo da ido aiki ne na hukunci. Babban binciken da aka yi a ƙasar Holan, wanda Annette Dobben da Jaap Stoker da sauransu suka buga a mujallar Radiology a 2007, ya nuna girman ramin a fili. Marasa lafiya 237 aka yi wa sikanin da kuma hoton MRI ta cikin dubura, amma 36 ne kawai suka kai ga tiyata. A cikin waɗannan 36 sikanin ta gano kashi 90 na yagewar zoben waje, MRI kashi 81, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a rahoton shi ne na duka 237 ɗin: hanyoyin biyu sun yi ittifaƙi ne a kan kusan kashi 61 kawai. Masana lissafi suna da ma'aunin daidaituwa da suke kira kappa, wanda ke cire abin da dace kawai zai iya haifarwa, 1 cikakken ittifaƙi, 0 kamar jefa kwabo. A nan 0.24 aka samu. Ke nan a wajen mutum kusan 4 cikin 10 na'ura ɗaya ta ce tsoka ta yage ɗaya ta ce ba ta yage ba, kuma ga mutum 201 babu alƙalin da zai raba gardama.

Idan aka koma kan mai karanta hoton, labarin ya danganta da wanda aka tambaya. A St Mark's, binciken Gold da abokan aikinsa na 1999 ya samu kappa 0.80 tsakanin masu karatu biyu wajen cewa akwai yagewa ko babu, wanda ittifaƙi ne mai kyau ƙwarai. Sai dai wannan gida ne da ake yin sikanin irin wannan kowace rana. Tarkon da ke kama wanda bai goge ba yana gaban mace ne, daidai inda haihuwa ke yin ɓarna. Halittar mace ita ce zoben wajenta ya fi gajarta ta gaba, don haka a saman bututun ba ya haɗewa ya zama cikakken zobe, sai an sauko tsakiya. Wanda ya tsayar da sandan a sama kaɗan zai ga giɓi a ƙarfe 12 a jikin budurwar da ba ta taɓa haihuwa ba, ya rubuta yagewa. Ƙwararru suna bambancewa da siffa: giɓin halitta gefunansa sumul ne kuma daidai wa daida dama da hagu, na rauni kuwa a karkace yake, da tabo mai gauraye-gaurayen launi. Ta baya ma akwai inuwar jijiyar da ta ɗaure dubura da ƙashin gindi, wadda kan yi kama da giɓi a ƙarfe 6. Shekaru ma suna sauya hoton, domin zoben ciki yana ƙara kauri da tsufa, don haka milimita 2 da ke daidai ga matashiya sirantaka ce ga tsohuwa.

Na'urori masu hoto mai fuska uku, waɗanda ke tara yanka-yanka da yawa su ba mai karatu damar juya bututun ya duba tsawonsa, sun rage wannan ruɗani, kuma sun rage adadin 1993 ma. Williams da abokan aikinsa sun yi amfani da irin wannan a 2001, suka ga alamar rauni a jikin kashi 29 na masu haihuwar fari, amma da aka tantance sai zoben waje ya tashi da kashi 11 kawai. Sauran tabo ne a tsokokin da ke maƙwabtaka da shi, waɗanda tsohuwar na'ura kan iya haɗa su da zoben.

Bincike biyu da suka fito kusa da juna sun fi kowanne koya mana iyakar hoto, domin sun kai shi ɗakin haihuwa inda rauni ke ɗanye. A Janeba ta Suwizalan, Daniel Faltin ya raba mata 752 masu haihuwar fari gida biyu ta hanyar ƙuri'a, dukkansu ba a ga yagewar tsoka da ido ba. Rabi an yi musu sikanin nan take kafin ɗinki, rabi ba a yi ba. Bayan wata 3, matsanancin rashin riƙe bayan gida ya kama kashi 3.3 na waɗanda aka yi wa hoto, da kashi 8.7 na waɗanda ba a yi wa ba. Nasara ce babba, an buga ta a 2005. Amma a cikin mata 21 da hoto ya ce tsokarsu ta yage, an buɗe 5 ba a sami yagewar ba. Kumburi da jini da iskar da ta shiga rauni suna rikita amo, sai ga mace an ƙara mata yanka a banza.

Na biyu daga Croydon ne a kudancin Landan, an buga shi a 2006, kuma Sultan ɗin nan dai yana cikin marubutansa tare da Vasanth Andrews da Ranee Thakar. Abin da suka yi mai sauƙi ne: bayan ungozoma ko likita ya gama duba mai jego, sai wani da aka horar musamman ya sake dubawa, da haske mai kyau, yatsa ɗaya a dubura babban yatsa a farji, yana murza tsokar a tsakaninsu. Adadin yagewar da aka gano ya tashi daga kashi 11 zuwa 24.5. Da aka kawo sikanin daga baya, abin da ta ƙara a kan wannan yatsa mai horo bai wuce kashi 1.2 ba. Wato raunin da aka shafe shekara 13 ana kiransa ɓoyayye, mafi yawansa a fili yake, dubawa ce ba a yi ba. A ganina wannan shi ne sakamako mafi nauyi a fannin, kuma abin yabo ne cewa wanda ya fito da maganar ɓoyayyen rauni shi ne ya dawo ya rage mata tsawo. Ya kuma sauya yadda za a karanta adadin 1994: kashi 50 ɗin da aka ba yatsa na tsohon rauni ne wanda tabo ya rufe, ba na ɗanye ba.

MRI tana da nata gurbin. Ita takan raba tsoka da kitse da tabo sarai, don haka gefen zoben waje da ke ɓace wa sikanin yana fitowa tar. Wani ƙaramin bincike na Rotadam a 1999, mai mutum 22, ya fifita ta a kan sikanin wajen zoben waje, sai na St Mark's a 2000, mai mutum 52, ya ce sun yi kunnen doki a zoben waje kuma sikanin ta fi a zoben ciki. Mai lura zai ga kowane gida ya fifita na'urar da hannunsa ya saba da ita. Inda babu jayayya sosai shi ne ramewar tsoka. Doguwar naƙuda da yawan yunƙuri suna ja wa jijiyar da ke ba zoben waje umarni, abin da Snooks da Michael Swash suka nuna tun 1984, kuma tsokar da jijiyarta ta mutu takan sirance, kitse ya maye gurbinta. Briel da Stoker sun bi mata 20 da aka yi wa ɗinki, suka ga waɗanda MRI ta nuna tsokarsu ta rame su ne ɗinkin bai yi wa amfani sosai ba. Tela ya san wannan: tsohon yadi ko an haɗa bakinsa, zare ba ya kama shi. Amma MRI tana da tsada, tana ɗaukar lokaci, motsi kaɗan yana ɓata hoton, kuma hukuncin cewa ramewa kaɗan ce ko mai yawa har yanzu da ido ake yanke shi.

A ce duk an warware waɗannan, hoto ya fito tsaf, ƙwararre ya karanta, giɓi na nan daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 1. Saura tambayar da ta kawo mara lafiya asibiti: wannan giɓin ne ke sa ta yoyo, kuma idan an ɗinke za ta warke? A nan hoto ya fi rauni. Riƙe bayan gida aikin gayya ne: taurin bayan gidan kansa, iya buɗewar ma'ajiyar da ke sama, jin da ke sanar da mutum lokaci ya yi, lafiyar jijiyoyi, majajjawar nan ta sama, har da saurin ƙafa zuwa bayi. Zobban biyu ma'aikata ne a cikin gayyar. Mace na iya yawo da giɓi shekara 25 ba ta san da shi ba, sai bayan ta daina al'ada, ko ciwon suga ya taɓa jijiya, ko gudawa ta zame mata jiki, sannan abin ya bayyana. Ranar da aka yi mata sikanin za a ga giɓin, kuma da yake shi ne abin da ido ke iya gani, shi za a ɗora wa laifi. Adil Bharucha na Mayo Clinic a Amurka ya gwada mata masu wannan larura a gundumar Olmsted da takwarorinsu marasa ita, ya buga a 2010 cewa ga waɗanda abin ya same su da girma, gudawa da sauran rikicin hanji, da cire matsarmama, da shan taba, da ƙiba sun fi tarihin haihuwa nauyi. Akwai kuma akasin haka: masu yoyo da zobbansu ke zagaye babu giɓi ko kaɗan, kamar waɗanda Carolynne Vaizey ta bayyana a 1997, zoben cikinsu ya sirance ne kawai.

An yi ƙoƙarin mayar da giɓi lamba. Ma'aunin Starck na ƙasar Suwidin yana ba da maki daga 0 zuwa 16 bisa tsawo da zurfi da faɗin raunin a kowane zobe. A ƙungiyance maki mai yawa yana tafiya da ƙarancin ƙarfin matsi da yawan ƙorafi, amma ga mutum ɗaya alaƙar sako-sako ce. Sakamakon ɗinki ma ya sanyaya gwiwa. Rahoton Malouf da Michael Kamm a mujallar Lancet a 2000 ya bi matan da aka yi wa ɗinkin zoben waje a St Mark's: a shekarar farko da rabi yawancinsu sun ji sauƙi, amma bayan shekara 5 zuwa sama babu ko ɗaya da ke riƙe bayan gida da iska gaba ɗaya. Sannan ga hanyar zaburar da jijiyoyin ƙugu da ɗan batir, wadda Klaus Matzel na Jamus ya fara bayar da rahotonta a 1995. Da farko sharaɗinta zobe ya kasance cikakke, daga baya aka ga tana taimakon har masu giɓin da ya kai sulusin zobe ba tare da an ɗinke shi ba. Idan ana iya samun sauƙi giɓi yana nan, kuma ana iya rufe giɓi sauƙin ya gushe, to giɓin ba shi ne dukkan labarin ba. Shi ya sa asibitocin da suka san aikin ba sa karanta hoto shi kaɗai. Suna haɗa shi da awon matsi, da makin ƙorafi irin na Wexner mai kaiwa 20 ko na St Mark's mai kaiwa 24, da littafin da mara lafiya ke rubuta abin da ya faru kowace rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka akwai wurin da hoto kaɗai ke iya sauya shawara, kuma a nan kuskurensa ke da tsada. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ta 2015 ta ce macen da ta taɓa yagewa har tsoka, idan tana da ƙorafi ko kuma sikanin ko awon matsi ya nuna matsala, a tattauna da ita batun haihuwa ta tiyata a ciki na gaba. Ke nan mace mai lafiya ƙalau tana iya shiga tiyata saboda inuwar da wani ya gani a ƙarfe 12. Ga matar Ingila mai niyyar haihuwa biyu nauyin wannan daban ne da na matar da ke sa ran haihuwa bakwai, tana kuma zaune nesa da asibitin da ke da jini da wutar lantarki.

Wannan ya kawo mu gida. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar mafi yawan macen da ke yoyon bayan gida bayan haihuwa ba ɓoyayyen rauni gare ta ba. Ko dai doguwar naƙuda ta huda tsakanin farji da dubura, ko kuma ta ƙaru har ƙofofin biyu suka haɗe, aka bar ta ba ɗinki ko ɗinkin ya warware. Irin waɗannan ido da yatsa suna ganinsu, kuma da su likita Kees Waaldijk ya yi ta aiki a Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980, haka ma cibiyar Laure a Kano da ta Danja kusa da Maradi. Sandan sikanin ta cikin dubura kaya ne na musamman mai tsada, ba a kowane babban asibiti ake samunsa ba. Abin da ke ko'ina shi ne na'urar da ake yi wa masu juna biyu sikanin da ita. Hans Peter Dietz na Sidni da wasu sun nuna ana iya ɗora kanta daga waje, a kan fatar da ke tsakanin farji da dubura, a ga zobban ba tare da an zura komai ba, abin da ya fi sauƙin karɓa ga macen da kunya ta riga ta hana ta faɗin larurar shekara da shekaru, tana fama da sake alwala ita kaɗai. Ƙa'idar Dietz ita ce a yanka hoton gida 6, sai giɓi mai digiri 30 ko fiye ya bayyana a 4 kafin a kira shi yagewa. Da aka gwada hanyoyin waje da ta ciki a Croydon, an ga idan hoton waje ya ce zobe lafiya yake yawanci gaskiya ne, amma idan ya ce ya yage sau da yawa ta ciki ba ta tabbatar ba. Hanya ce ta kwantar wa mai lafiya hankali, ba ta isa a yanke shawarar tiyata da ita ba. Kuma ƙa'idar yanka 6 ɗin tana bukatar na'ura mai fuska uku, wadda ƙananan asibitoci da yawa ba su da ita.

Idan aka ba ni kuɗin sayen sandan sikanin guda ɗaya aka ce in zaɓa wa babban asibitin wata jiha, zan yi jinkiri. Binciken Croydon na 2006 ya nuna kashi 87 na yagewar da ta faru a hannun ungozomomi ta wuce su, a Landan, da fitila da safar hannu da komai. Kuɗin nan zai horar da ungozomomi da dama su san siffar zoben waje a cikin jini, su riƙa sa yatsa a dubura bayan kowace haihuwa kafin su ɗauki allura da zare, su kuma san lokacin da za su ajiye allurar su kira likita. Ita sikanin a ajiye ta a asibitin koyarwa, hannun mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa yin ta kowane mako, ga matar da aka ɗinke ta dawo bayan wata uku tana cewa har yanzu iska na kufce mata.